Daga Sikeli Zuwa Gwangwani: Matsalar Auna Soyayyar Albasa a Wurin Masu Girkin Biki na Romi

Wannan takarda ta duba wata matsala da masu girkin biki da masu sayar da abinci a Romi, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun a kudancin Kogin Kaduna, ke cin karo da ita, wato yadda za a mayar da nauyin soyayyar albasa da littattafan girki ke bayarwa da giram zuwa ma'aunin da ke hannunsu, kamar kofi da cokali da gwangwanin madara. Ko da yake Dokar Awo da Ma'auni ta 1974 ta ɗora Najeriya kan tsarin kilo da lita, har yau mudu da tiya da gwangwani ne ke mulki a kasuwa da madafa.

Tushen lissafin shi ne cunkoso, ma'ana nauyin da abu ke da shi idan ya cika wani ƙayyadadden mazubi, kuma da zarar an san shi sai a raba nauyin da ake bukata da nauyin cikin mazubi ɗaya. Wahalar albasa ita ce cunkosonta ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin kusan kashi 89 cikin 100 na ɗanyarta ruwa ne, wanda wuta ke kora a hankali yayin da mai ke maye gurbin wani ɓangare nasa. Bisa alƙaluman Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, kofi ɗaya mai cin kusan mililita 240 yana ɗaukar giram 160 na yankakkiyar ɗanyar albasa, amma idan an soya ta sama-sama har ta yi laushi sai ya ɗauki giram 87 kacal. Wadda aka soya ta yi ƙarau, irin ta cikin leda, ba ta wuce giram 55 zuwa 60 a kofi, saboda siraranta suna lanƙwashewa su bar iska a tsakani. Ke nan giram 100 bai cika kofi ba a ɗanye, ya ɗan haura kofi a laushi, ya kusa kofi biyu a ƙarau.

Su ma waɗannan alƙaluma ba a kan albasarmu aka fitar da su ba. Jar albasar Aliero ta Jihar Kebbi da ta Galmi ta Jamhuriyar Nijar sun bambanta da albasa ruwan ɗorawa da aka auna a Amurka, kuma wadda ta daɗe a rumbu ba ɗaya take da sabuwar cira ba. Kaurin yanka, da tsane mai a matsami, da danna albasar da hannu, da cika gwangwani a shafe ko da tozo, duk suna sauya sakamakon. Haka ma damina, wadda ke sa ƙarau ta yi sanyi ta kwanta, saɓanin hunturu.

Saboda haka jadawalin da ya ce "soyayyar albasa" kawai, bai faɗi matakin suya ba, ba abin dogaro ba ne. Abin da ya fi dacewa shi ne mai girki ta ari sikeli sau ɗaya, ta auna gwangwaninta a shafe da irin suyar da ta saba, sau uku, ta ɗauki matsakaicin ta rubuta. Gwangwanin madarar ruwa, wanda ke cin kusan kashi biyu cikin uku na kofin, zai ɗauki giram 40 ko ƙasa da haka na ƙarau, don haka dafa-dukan da ke bukatar giram 200 zai ci gwangwani biyar zuwa shida.