Kafin a Tsira Muku Allura

Yau zancenmu a kan maganin mutanen Sin ne, wanda ake tsittsira wa mutum siraran allurai saboda ciwon baya ko na gaɓoɓi. Tun 1992 doka ta sa masu wannan sana'a a ƙarƙashin Hukumar Likitoci ta Nijeriya, sai mai rajista ke da izinin yi. To, in kun shigo birnin Zariya, wani ya tare ku a Ƙofar Doka da allurai, ku ce ya nuna takardarsa. Ya kuma ɓare sababbi a gabanku, gama allurar da ta shiga jikin wani tana iya kawo ciwon hanta ko ƙanjamau. In ya ƙi, ku wuce asibitin Ƙofar Gayan. Allah ya ba mu lafiya, amin.