Bam ɗin Amurka ya faɗo maƙwabta: shin shi zai kawo muna zaman lafiya?

Iyayenmu, malamanmu, ƴan uwa mata da matasa da kunka taso daga Ƙonni, Malbaza, Galmi, Illela da ƙauyukan kewaye, sannunku da zuwa.

A daren 25 ga Disamban 2025 Amurka ta kai hari ta sama a jihar Sakkwato. Gwamnatin Najeriya ta ce da yardarta anka yi, kuma ƴan ta'addan da ke dajin Tangaza anka nufa. Ɓaraguzan makamai sun faɗi har garin Jabo na ƙaramar hukumar Tambuwal. Kun san Tangaza ba nisa gare ta da mu ba, kasuwa ɗaya muke ci, aure ya haɗa mu. Tun ranar wasu ke cewa, to madalla, tunda babba ya shigo, abin ya ƙare. Wanda anka kore ma shanu ko anka hana shi noma gonarshi, in ya faɗi haka ba mai ganin laifinshi. Amma kafin mu yi murna, mu duba abin da ƙarfin manyan ƙasashe ya bar muna a baya.

Mu fara da Libiya. A watan Maris na 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da izinin kare fararen hula, ƙungiyar OTAN ta shiga ruwan bama-bamai. A watan Mayu shugaba Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji ta nan Illela, ya gargaɗi manyan ƙasashe a taronsu na Deauville cewa rushewar Libiya za ta shafi Sahel. Ba su saurara ba. Ranar 20 ga Oktoba anka kashe Gaddafi, rumbunan makamai sunka buɗe, a 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun ƴan bindiga. Mu mutanen jihar Tawa mun biya sau biyu: ƴan cirani sunka dawo hannu rabbana, kuɗin da suke aikowa ya tsaya, bayan nan wutar ta iso gida. Ranar 21 ga Maris 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya cikin yini guda. Barack Obama da bakinshi ya amsa a 2016 cewa rashin shirya ma abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne babban kuskuren mulkinshi. Shi ya yi nadama a talabijin, mu munka yi jana'iza.

Sai sansanin jirage marasa matuƙi na Agadas, wanda Amurka ta kashe ma kusan dala miliyan 110, da sojojinta wajen 1,000 a ƙasar nan. Jiragen sun fara tashi a 2019. A Disamban wannan shekara anka kashe sojojinmu 71 a Inates, a Janairun 2020 anka kashe 89 a Shinagodar. Idon da ke kallon hamada duka daga sama bai hana waɗannan ba.

Wani zai ce, ai ƙarfi yakan yi rana. Gaskiya ne. A Janairun 2013 sojan Faransa sun tare ƴan bindiga a Mali, mutanen Tumbutu sunka fito suna guɗa. Bindiga tana iya tsaida hari na yau. Amma da sunka fita Mali a 2022, rikicin ya riga ya bazu har Burkina da Tilaberi. Amurka ta yi shekara 20 a Afganistan, ta fita a 2021 ta bar mulki hannun Taliban ɗin da ta je kora. Dalili a fili yake: babbar ƙasa tana zuwa da lissafinta, ta tafi ran da lissafin ya canza. Bam bai san yaron da ya hau babur saboda an kwashe garken ubanshi ba a bi mashi hakki ba, bai san burtalin da anka nome ba.

Kada kuma mu ruɗi kanmu. Faransa ta tafi a Disamban 2023, Amurka ta kammala ficewa a Satumban 2024, masu horarwa na Rasha sun sauka Yamai a Afrilun 2024. Duk da haka, ranar 21 ga Maris 2025 an kashe mutum 44 a masallacin Fambita. Sauya tuta ba ta sauya tambayar. Wanda ya yi tir da bam na Amurka ya tafa ma na wani, ubangida kawai ya canza.

Darasin ma yana ƙofar gidanmu. Lakurawa, da farko wasu shugabannin al'umma a Tangaza da Gudu ne sunka karɓe su don su kore musu ɓarayin daji. Sun kore su, sannan sunka zauna, sunka shiga amsar zakkar dabbobi da tsiya da bulalar mutane. Duk wanda ka gayyato da bindiga ba tare da kana iya tuhumarshi ba, ranar da ya juyo ba ka da wurin kai ƙara. Ƙonni ta san wannan tun Mayun 1899, lokacin da ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone birnin nan ya karkashe mutanensa.

Amurkar nan dai, ta hannun shirin MCC, ta sa kuɗi a gyaran hanyoyin ruwa na fadamar Ƙonni, fiye da hekta 2,400 da madatsun Zango da Mozage ke shayarwa. Ku auna da kanku: tsakanin wannan aiki da sansanin Agadas, wane ne ya riƙe saurayi gida yana noman albasa da tumatir?

To mi muke nema? Duk yarjejeniyar soja da anka ƙulla da wata ƙasa, ko wace ce, a bayyana ma talakawa sharuɗɗanta. Duk harin da ya taɓa farar hula, a ƙirga, a faɗi, a biya diyya. Hukumomin Tawa da na Sakkwato su koma magana da juna, don ɗan bindiga ba ya tsayawa a duwan, mu ne rufe iyakar 2023 ya tsayar, albasar Galmi ta yi kwantai. A ba kwamitocin filaye na ƙauyuka ƙarfi su raba gardamar manomi da makiyayi kafin ta zama jini. Mu kuma mu bar jifan ƙabila guda da sunan ta'addanci, don wannan shi ke tura musu sabbin yara.

Sojojinmu da jandarmominmu suna da aikinsu, muna musu addu'a. Ma'auninmu kuwa mai sauƙi ne: mace ta tafi kasuwar Ƙonni ta dawo da almuru ba tsoro, manomi ya kwana gonarshi, a buɗe lakwal a ƙauye. Duk wanda ya zo muna da alkawarin zaman lafiya, daga Washinton ko Mosko ko Paris, da wannan za mu auna shi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.