Jawabin Taron Shekara: Sabunta Manhajar Majalisa



A 1995 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya buɗe THOMAS, inda jama'a ke duba ƙudurorin doka ta kwamfuta. Da zamani ya juya, karanta shi a wayar hannu ya zama jidali. Ba su yi garaje ba. A 2012 suka fito da Congress.gov don gwaji, suna sauraron koken jama'a, sai 2016 suka rufe tsohon. Yanzu da kallo ɗaya za ka ga inda ƙuduri ya kwana.

Abokanmu masu aikin majalisa, ku tuntuɓi akawu da talaka kafin ku sauya manhaja. Dokar da mutum ya kasa nemowa, yaya zai bi ta?