Abin da 'Yata Ta Gano a Ofishin Lauya

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare ya gabatar a taron haɗin gwiwa na rassan Ikara, Maƙarfi da Kudan



An ba ni minti goma, kuma zan kashe su ne a kan labarin babbar 'yata, wadda ke aji biyu na babbar sakandare. Tun tana firamare take cewa lauya za ta zama. Ni kuwa nakan yi murmushi in wuce, domin a danginmu kaf babu lauya, kuma albashin malami kun san inda yake ƙarewa. Ana nan sai na haɗu da wata tsohuwar ɗalibata a wurin biki. Na koyar da ita a aji shida shekara ashirin da suka wuce, yau tana aiki a wani ofishin lauyoyi a Zariya. Da na ba ta labarin yarinyar, sai ta ce, "Malam, turo mini ita a dogon hutu, ta ga aikin da idonta."

Na yi mako biyu ina juya maganar. 'Ya mace ce, ba ta taɓa kwana uku a wajen gida ba, ga kuɗin mota, ga surutun makwabta. Mahaifiyarta ce ta raba gardama, ta ce yarinya ta sauka wajen gwaggonta a Tudun Wada. Haka aka yi, ta yi mako shida.

Makon farko ta bugo waya ranta a ɓace. Ta zaci za ta tarar da muhawara irin ta fim, sai aka ajiye ta gaban tarin fayil-fayil, aka ce ta jera takardu bisa kwanan wata, ta kuma rubuta ranakun zaman kotu a babban littafi. Ga shi a watan Agusta Babbar Kotu tana hutun shekara, saboda haka kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci aka riƙa zuwa da ita, ta zauna a baya da littafinta. Na ce mata ta yi haƙuri, mai koyon saƙa da zare yake farawa. Da ta dawo gida, abubuwa uku ta kawo mini, kuma su nake so in ajiye a gabanku.

Na farko, kwanan wata. Lauyar ta nuna mata cewa wanda Babbar Kotu ta yanke wa hukuncin ƙarshe a ƙarar da ba ta laifi ba, wata 3 doka ta ba shi ya ɗaukaka ƙara. Idan ya wuce, sai ya roƙi kotu ta ƙara masa lokaci, kuma kotu tana iya ƙi. Ashe littafin nan da ta raina, haƙƙin mutane ne a cikinsa. Na tuna yadda muke tilasta wa yara rubuta kwanan wata a saman kowane aiki, suna ganin fitina ce kawai.

Na biyu, lissafi. Wata rana ana shirya takardun rabon gado: mamaci ya bar mata ɗaya, da mahaifiya, da 'ya'ya maza da mata. Matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, mahaifiya kuma sudusi, ɗaya bisa shida. Lauyar ta miƙa mata biro ta ce ta fitar. Ta raba dukiyar kashi 24, mata 3, uwa 4, saura 17 na 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Ta ce mini, "Baba, wallahi lissafin nan na firamare ne." Wata 'yar'uwarmu malama ce ta koya mata shi a aji mai yara fiye da tamanin, wataƙila ma tana zaune a ɗakin nan.

Na uku shi ya fi tsaya mini a rai. Wani dattijo manomin rake ya zo da takarda a naɗe cikin leda. Shekarun baya ciwo ya kama matarsa, ya karɓi kuɗi a hannun wani, ya dangwala yatsa a kan abin da ya ɗauka jinginar gona ce. Da ya tara kuɗin ya je fansa, sai aka ce ai sayarwa ya yi, ga takarda. Aka sa 'yata ta karanta masa ita, tana fassarawa da Hausa. Ta ce tana kaiwa kan kalmar sayarwa, dattijon ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, bai ce uffan ba. Lauyar ta bayyana mata cewa akwai dokar kare wanda bai iya karatu ba: duk wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum, wajibi ne ya sa sunansa da adireshinsa, kuma sai an karanta wa mai ita an fahimtar da shi kafin ya dangwala. Takardar dattijon ba ta da sunan marubuci, kuma a nan lauyoyin suka kama. Har ta baro Zariya ba a gama maganar ba.

Na tambaye ta ko mutumin wane gari ne, domin masu rake daga Maƙarfi zuwa Hunƙuyi kusan duk mun san juna. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, Anti ta yarda in ba da labarin, amma ban da suna da gari. Amana ce." Na ji kunya, na kuma ji daɗi.

'Yan'uwa, inda dattijon nan ya samu shekara shida a hannun malami nagari, da ya karanta takardarsa da kansa. Duk yaron da ya fita aji shida bai iya karanta shafi ɗaya ya gane ba, mun sallame shi ne da yatsa a hannun masu wayo.

Hanyar zama lauya kuwa doguwa ce, gara iyaye su san ta da wuri. Ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, kuma Adabin yana cikin darussan JAMB na mai neman wannan fanni. Yaron da ya watsar da shi tun aji ɗaya na babbar sakandare ya rufe wa kansa ƙofa bai sani ba. Sai shekara biyar a jami'a, kamar Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, sannan Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a 1962, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Kada tsawon hanyar ya karya mana gwiwa. Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1995 zuwa 2006, ɗan Zariya ne. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko da ta zama lauya daga Arewa, wadda ta riƙe wannan kujera daga 2012 zuwa 2014, a Zariya ta yi firamare. Wani malami ne irinmu ya riƙe hannun kowannensu ya koya masa baƙi.

Ga shawarata. Mu malamai ba mu tara dukiya ba, amma mun tara ɗalibai. Kowane reshe ya buɗe littafi, mu rubuta tsofaffin ɗalibanmu da suka zama lauyoyi, ma'aikatan jinya, injiniyoyi da masu sana'a, mu roƙe su kowa ya karɓi yaro ɗaya a dogon hutu. A kafa sharuɗɗa: yardar iyaye a rubuce, masauki wajen dangi, tashi kafin la'asar, 'ya mace a hannun mace, kuma yaro ya riƙe littafin da zai rubuta abin da ya gani kullum. A haɗa da marayun abokan aikinmu da suka rasu, reshe ya ɗauki kuɗin motarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yata dai har yanzu tana kan bakanta. Abin da ya sauya shi ne, da yamma takan zaunar da ƙannenta ta sa su karatu da ƙarfi, idan ɗaya ya tsallake kalma ta ce ya koma. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya sa mu gama da alli lafiya.