Zaɓen Likitan Gyaran Kunci Bayan Rauni a Fuska

 Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne yadda za a zaɓi likitan da zai gyara kuncin da ya lotsa bayan haɗari. Mun kawo zancen gabanku ne domin ranar da ƙane ya faɗi daga kan babur, ko mota ta kife da 'yar'uwa, iyaye kan juyo ga wanda ya yi karatu a gidan su ce, "Ina za mu kai shi?" Amsar da kuka bayar a ranar nan, da ita mai raunin zai zauna har ƙarshen ransa, tun da fuska ba ta ɓoyuwa.

Da farko dai ya kamata mu san abin da ya karye. Ƙashin kunci yana manne da sauran ƙasusuwan kai a wuri huɗu: wajen goshi, da muƙamuƙin sama, da gaban kunne, da kuma can cikin gurbin ido, inda yake tallabe da ƙwayar idon. A ƙarƙashin ido kuma akwai jijiyar da ke sa kunci da gefen hanci da leɓen sama su ji taɓi. Saboda haka idan ƙashin nan ya goce, mutum kan riƙa ganin abu biyu-biyu, ko ido ya faɗa ciki, ko leɓe ya mutu, ko kuwa baki ya ƙi buɗuwa sosai domin karyayyen ƙashi ya tokare muƙamuƙin ƙasa. Lotsawar da ake gani a waje alama ce ta abin da ya faru a ciki.

Sai maganar lokaci. A kwanakin farko kumburi kan rufe lotsawar, har dangi su ce ai da sauƙi. Sai bayan kamar mako guda, kumburi ya saɓe, sa'an nan a ga kunci ɗaya ya fi ɗaya tudu. Likitoci sun fi son mayar da ƙashin gurbinsa cikin mako biyu na farko, su ɗaure shi da 'yan ƙananan ƙarafa da ƙusoshi na titaniyam, domin bayan mako uku zuwa huɗu ya fara haɗewa a karkace. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Muna girmama maɗoran gargajiya, amma ƙashin da ke tallabe da ido ba a ɗora shi da kara da tsumma. Har ila yau a hana mai raunin fyace hanci, don iska na iya kutsawa ta wurin karayar ta kumbura gefen ido.

Idan lokaci ya riga ya wuce, to, akwai hanyoyi kamar huɗu. Akan sake yanka ƙashin a mayar da shi inda yake. Akan ɗebo ƙashi daga ƙugu ko haƙarƙari ko ƙoƙon kai a dasa. Akan saka wata roba ta asibiti a bisa ƙashin don ta ɗago kuncin. Akan kuma zuƙo kitse daga ciki ko cinya a cika ramin da shi. Kowace da nata aibin: ƙashin da aka dasa kan ragu, roba na iya gocewa ko ta tara mugunya har a cire ta, kitse kuwa wani sashe nasa kan narke, sai an maimaita. Abin lura a nan shi ne, cika kunci da roba ko kitse rami kawai yake rufewa, ba ya mayar da ido wurinsa, ba ya kuma buɗe baki. Likitan da hanya ɗaya kaɗai ya iya, ita zai ba kowa, ko ta dace ko ba ta dace ba.

To, wane ne gwanin wannan aiki? Fannin ya kafu ne a Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da Harold Gillies, wani likita haifaffen Niyu Zilan, ya jagoranci gyaran fuskokin sojoji a asibitin Sidcup da ke Ingila, wanda aka buɗe a 1917. Dabarar da shi da abokan aikinsa suka bayyana a 1927, ta ɗago ƙashin kunci ta wata 'yar tsaga a cikin gashi sama da kunne, har yanzu ana aiki da ita. Magadansa a yau iri biyu ne: likitan tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska, da kuma likitan gyaran sassan jiki. Dukansu sai sun ƙara shekara biyar ko fiye suna koyon aiki bayan digiri, kana su ci jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma.

Matambayi ba ya ɓata, saboda haka ga abin da za ku bincika cikin ladabi. Na farko, shin yana da rajista da lasin na bana daga Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, kuma a wane fanni ya ƙware? Na biyu, shin ya gwada ganin mai raunin da buɗewar bakinsa da haɗuwar haƙoransa, ya kuma nemi hoton kwamfuta na ƙashin fuska, kafin ya yi zancen kuɗi? Na uku, sau nawa yakan yi irin wannan aiki, kuma ta ina zai tsaga? Sau da yawa akan bi ta cikin baki ko ta fatar ido don kada tabo ya fito. Na huɗu, wa zai sa barci, kuma akwai likitan ido a kusa? Na biyar, idan abu ya ɓaci bayan an sallame ku, wa za ku gani? Likita nagari zai faɗa muku illar da ka iya biyowa, kuma ba zai yi alkawarin fuska za ta koma sak yadda take da ba.

Muna jan kunnenku game da masu yin allurar cika fuska a shaguna da gidaje. Araha ba ta ado. Ruwan silikon da aka tsira wa fuska kan yi yawo ya daskare cikin nama, fitar da shi kuwa aiki ne ja, allurar da ta shiga jijiyar jini kuma tana iya makantar da mutum. Masu hanzarin fita ƙasar waje su ma su tuna cewa aikin fuska yana bukatar komawa ga likita watanni bayan tiyata. Asibitocin koyarwa na Shika da Kano da Sakkwato suna da sashen tiyatar fuska da muƙamuƙi, can ya kamata a fara.

A ƙarshe, yawancinmu bisa babur muke zuwa lacca da ofis. Hular kwano mai rufe haɓa ta fi kowace tiyata araha. Allah ya kiyashe mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.