Tunawa da Ojo Maduekwe, Ministan Keke



Yau za mu tuna da Cif Ojo Maduekwe, lauya ɗan Ohafia ta Jihar Abiya, wanda ya rasu ranar 29 ga Yuni, 2016. Ya riƙe ministan harkokin waje zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'adua, amma keke ne ya zaunar da sunansa a bakin jama'a.

Yana ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo ya dage sai 'yan Najeriya sun rungumi keke, don a rage cunkoso da ƙona mai, jiki kuma ya samu motsi. Bai tsaya a fatar baki ba. Da kansa ya riƙa tuƙa keke a titunan Abuja, har a 2001 wata bas ta banke shi ya faɗa kwata. Jaridu suka yi masa ca, aka mai da shi abin dariya.

Ni dai ban ga abin dariya ba. Bas ɗin nan ta nuna abin da mai keke ke fuskanta kullum a titin da aka shimfiɗa ba tare da an tuna da shi ba. Lokaci kuma ya ba Maduekwe gaskiya, don da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na acaɓa suka yi tashin gwauron zabo, magidanta da yawa sun janyo tsofaffin kekunansu daga zaure.

Mu nan Ringim da Taura da Garki da Babura ba mu taɓa yar da keke ba. Ku dubi manomi da buhun gero ɗaure a kariya da roba, ko mai faci a gindin darbejiya, ya tsoma tiyub cikin ruwa yana jiran kumfa ta nuna masa huji. Kekunan Raleigh da Phoenix sun kai yara da dama makaranta.

Saboda haka, malam direba, ranar kasuwar Gujungu in ka hango mai keke da kaya, rage gudu, ka ba shi fili kafin ka wuce. Iskar babbar mota kaɗai tana iya kayar da shi. Kai kuma mai keke, gyara birkinka, ka sa fitila da abin ƙyalli a baya kafin ka hau kwalta bayan magariba.