Jawabin Taron Cika Shekara: Duba Mai Wankin Ƙoda, A Kula Da Abin Da Ake Kai Masa

Uwar ƙungiya, iyayenmu da 'yan uwana, barkanmu da sake ganin wagga rana.

Kun san ƙanena shina wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. Da na ga ya rame, ranar kasuwa na sawo mashi kwalbar maganin ƙarin ƙarfi da man hantar kifi, kullum kuma ina soya mashi hantar rago. Wallahi gata nike ganin ina yi mashi. Ranar da munka je wanki, likita ya karɓi kwalbar, ya nuna mini rubutun jikinta. Albarkacin ajin yaƙi da jahilci, da idona na karanta: bitamin A. Ya ce a tsaida yau.

Ga dalilin, yadda anka fahimtar da ni. Ƙoda mai lafiya tana taimakawa wajen rage abin da ke ɗauke da bitamin A cikin jini. In ta gaza, sai ya taru. Injin wankin kuma ba ya fidda shi, sai irin su bitamin B da ke narkewa cikin ruwa. Ke nan mai wanki galibi nashi ya riga ya yi yawa. In an ƙara, ga ciwon kai, ga ciwon ƙashi, ga bushewar fata, har hanta na iya taɓuwa.

Amma kar wata ta koma gida ta ce na hana ɗigon yara. A'a! Wanda ake ba 'ya'yanmu daga wata 6 zuwa shekara 5, shuɗi ga ƙanana, ja ga waɗanda sunka kai shekara ɗaya, shina kare su daga dundumi, shina ƙara masu ƙarfin jiki. Ku kai su duk wata 6. Zogale da man ja ma suna nan a tukunyarmu. Gishiri ne, miya na son shi, amma da awo.

Roƙona biyu. In za ku duba mai ciwon ƙoda, kar ku kai ƙwaya ko jiƙo sai likitanshi ya gani. Sannan mu ware wani abu daga asusunmu don kuɗin mota, tunda kun san nisan Isa zuwa Sakkwato da halin da hanyar ke ciki, wanki kuwa in an tsallake shi, rai ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya maimaita mana.